Jiha ta maka gwamnatin tarayya a kotu: don talaka ne ko don siyasa?

Abban Nana: Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya min a rai. Tun da aka rantsar da Trump a Janairun 2025, da wuya mako ya wuce ban ji a rediyo an ce antoni janar, wato manyan lauyoyin gwamnati, na jihohi kaza sun haɗa kai sun maka gwamnatin tarayyar Amurka a kotu ba. Ni abin ɗaure min kai yake yi. Jiha ba ƙarƙashin tarayya take ba? Ta yaya yaro zai riƙa kai ubangidansa ƙara kullum, kuma a zauna lafiya? Masana ku taimaka mana.

Baƙon Bronx: Wa alaikumus salam Abban Nana. Bari in ba ka abin da na gani da idona kafin masana su iso. Ranar da aka rantsar da shi, 20 ga Janairu, ya sa hannu a wani umarni cewa jaririn da aka haifa a Amurka ba zai zama ɗan ƙasa ba in uwarsa ba ta da takardu ko bizarta ta wucin gadi ce, kuma uban ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da katin zama na dindindin. Aka ce zai fara aiki bayan kwana 30. To akwai wani ɗan uwanmu da muke tuƙin haya tare, karatu ya kawo matarsa, tana da tsohon ciki, likita ya ba ta ƙarshen Fabrairu. Wallahi na gan shi zaune a mota bayan sallar Isha'i yana ƙirga kwanaki da yatsunsa kamar mai jiran ganin wata. Bai da kuɗin lauya, ko da yana da shi ma ba zai yarda sunansa ya hau takardar kotu yana ja da gwamnati ba. Washegari jihohi 22 suka shigar da ƙara. Ranar 23 ga wata wani tsohon alƙali a Seattle, John Coughenour, ya dakatar da umarnin, ya ce ya saɓa wa tsarin mulki ƙarara. Mutumin nan kuwa tsohon shugaba Reagan ne ya naɗa shi, ɗan jam'iyyarsu Trump. Daren nan abokina shi ya saya mana shayi.

Ɗan Adawa: Allah ya raya abin da aka samu. Amma Malam Baƙo, jihohi 22 ɗin nan antoni janar ɗinsu 'yan wace jam'iyya ne?

Baƙon Bronx: Dimokrat ne duka. Na san inda ka dosa.

Ɗan Adawa: Yauwa. Ruwa ba ya tsami banza. Ba abokinka suka duba ba, zaɓe suka duba.

Lauyan Unguwa: Ku bari in fara da tambayar Abban Nana, don kuskuren yana cikin kalmar "ubangida". A tsarin tarayya jiha ba yaron gwamnatin tsakiya ba ce. Kundin tsarin mulki ne ya raba musu gona, kowa da iyakarsa, kotu kuma ita ce mai nuna inda shuka ta tsallake. A Amurka ma jihohin ne suka riga tarayyar, su suka haɗu suka kafa ta.

Sai abu na biyu, wanda a ganina shi ne gishirin maganar. A jihohi 43 cikin 50, jama'a ne ke zaɓen antoni janar kai tsaye, kamar yadda suke zaɓen gwamna. Gwamna bai naɗa shi ba, ba zai iya korarsa ba. A 'yan jihohi kaɗan irin su New Jersey, Hawai da Alaska gwamna ke naɗawa, a Maine majalisar jiha ke zaɓa, a Tennessee kuma kotun ƙolin jiha. Saboda haka mutum ne mai ƙuri'arsa, mai kasafinsa, mai tarin lauyoyi a ofis, kuma bai jiran izinin kowa. A Kentucky, Andy Beshear yana antoni janar ya yi ta kai gwamnan jiharsa Matt Bevin kotu, a kan zaftare kuɗin jami'o'i da kuma dokar fansho, ya yi nasara, sannan a 2019 ya kayar da shi ya hau kujerar.

Ɗan Adawa: Barista ka gama min aiki da bakinka. Ya kai ƙara, ya yi suna, ya hau kujera. Tsani ne kawai. Bob Ferguson da ya yi ta shari'a da Trump a zangon farko yau shi ne gwamnan jihar Washington. Kamala Harris daga nan ta taso a Kalifoniya. Greg Abbott na Teksas da bakinsa ya taɓa cewa aikinsa shi ne ya je ofis da safe, ya kai gwamnatin tarayya ƙara, ya koma gida. Lokacin Obama ke nan. Yanzu Abbott ɗin ne gwamnan Teksas.

Lauyan Unguwa: Ban musa ba. Kuma ƙara maka zan yi: Xavier Becerra na Kalifoniya ya kai gwamnatin Trump ta farko ƙara fiye da sau 100, Ken Paxton na Teksas ya rama wa Biden da makamancin haka. Har kotun da za a kai ƙarar zaɓa ake yi. 'Yan Rifablikan su nufi wasu ƙananan garuruwan Teksas irin su Amarillo, inda kusan ka san alƙalin da takardarka za ta faɗa hannunsa tun kafin ka shigar. 'Yan Dimokrat su nufi Boston ko Seattle ko San Francisco. Kowa ya san rijiyar da ruwanta ke masa daɗi.

Amma niyyar mai ƙara daban, hukuncin alƙali daban. Kotu ba ta tambayar me ke cikin zuciyarka, tambayarka take yi me doka ta ce, kuma kai ina abin ya taɓa ka. Wannan na biyun shi ne babban shinge. Jiha ba za ta zo ta ce "ba ma son wannan manufa" a saurare ta ba, sai ta nuna asarar da ta same ta ita kanta. Massachusetts ta kai hukumar kare muhalli ta tarayya ƙara kan hayaƙin motoci, hujjarta ita ce teku na cin gaɓar ƙasarta saboda ɗumamar yanayi, a 2007 kotun ƙoli ta karɓa da alƙalai 5 kan 4. A maganar jarirai, jihohin sun ce in aka hana yaran zama 'yan ƙasa, kuɗin da tarayya ke ba su na kula da lafiyar yara zai yanke, nauyin ya dawo kansu. Teksas da Louisiana kuwa sun je kotu kan yadda gwamnatin Biden ke zaɓar baƙin da za ta kama, a 2023 kotun ƙoli ta ce musu ba ku da hurumin kawo wannan ƙara, alƙalai 8 kan 1. Ka ga ba kullum ake kwana a gado ba.

Maman Ilham: Ni fa duk wannan turancin Amurka bai dame ni ba, ku dawo gida. Ɗan Adawa, kana ina a Fabrairun 2023? Ni ina nan da yarinya tana zazzaɓi, ga dubu goma sha biyu tsofaffin kuɗi a ƙullin zanina, mai kemis ya ce ba ya karɓa. Na ce in tura masa ta waya, sabis ya ƙi. Na je wajen mai POS, ya ce in zai ba ni sabbin kuɗi dubu biyar sai na bar masa dubu ɗaya. Da kuɗina a hannu na tsaya ina roƙo kamar almajira. Ranar da na ji a rediyo cewa Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai gwamnatin tarayya kotun ƙoli, wallahi ban tsaya tambayar niyyarsu ba. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ɗan Adawa: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara wa Ilham lafiya. Kowa ya sha wannan wahala, ni ma na kwana a layin ATM. Amma ki duba kalanda. Zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, ƙara ta shiga a farkon Fabrairu. El-Rufai, Yahaya Bello, Matawalle, dukkansu 'yan APC, jam'iyyar Buharin da suka kai ƙara. Sun ga ƙarancin kuɗi zai ja wa ɗan takararsu baƙin jini, shi ne suka tashi. Da bayan zaɓe aka yi canjin kuɗin, kina jin za su motsa?

Maman Ilham: To sai me? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Su yi ta faɗansu, ni dai a karɓi kuɗina.

Abban Nana: Hajiya ta burge ni. Amma Barista, ka ce sai jiha ta nuna asararta. Su waɗannan jihohin namu me suka nuna? Kuma me ya sa kai tsaye suka tafi kotun ƙoli, ba su fara daga ƙasa ba kamar yadda ake yi a Amurka?

Lauyan Unguwa: Sashe na 232 na kundin 1999 ne ya ba su wannan ƙofa. Duk rikicin shari'a tsakanin tarayya da jiha, ko tsakanin jiha da jiha, kotun ƙoli ce ke fara saurarensa, ita ce kuma ke gamawa. Ba ɗaukaka ƙara. Shi ya sa Malami, antoni janar na tarayya a lokacin, ya kafe a kan cewa wannan magana ce ta Babban Banki, ba rikicin jiha da tarayya ba, don haka a tafi babbar kotun tarayya. Da kotu ta yarda da shi, da an yi ta jan ƙafa har damina. Ba ta yarda ba, ta ce umarnin na shugaban ƙasa ne.

Ga yadda abin ya bi. Emefiele, gwamnan Babban Banki a lokacin, ya sanar da sauya fasalin 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022. Wa'adi 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 8 ga Fabrairu alƙalai bakwai suka ba da umarnin wucin gadi cewa kada a aiwatar da wa'adin. Wasu jihohin suka yi ta shigowa, har da Kano, Edo da Bayelsa kuma suka tsaya gefen tarayya. Ranar 3 ga Maris Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukunci: ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ba a tuntuɓi waɗanda ya kamata a tuntuɓa ba, tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba 2023. Daga baya a Nuwamban shekarar kotun ta cire wa'adin gaba ɗaya.

Baba Mai Ritaya: Barista ka tsallake wurin da ya fi ciwo.

Lauyan Unguwa: Allah ya ja da ran Baba, ku cike mana.

Baba Mai Ritaya: Tsakanin 8 ga Fabrairu da 3 ga Maris me ya faru? Ranar 16 ga Fabrairu shugaban ƙasa ya fito a talabijin da sassafe ya ce tsohuwar 200 kaɗai ya yarda ta dawo, alhali ga umarnin kotun ƙoli a ajiye. Gwamnan Kaduna shi ma ya fito ya ce a jiharsa a ci gaba da karɓar 500 da 1,000. Mai tumatir a kasuwa wa zai bi? Bayan an yanke hukuncin ma sai da aka yi kwana goma cur kafin Babban Banki ya buɗe baki, ranar 13 ga Maris. A kwana goman nan takardar kotu tana nan, kuɗin 'yata Maman Ilham kuma ba mai karɓa.

Kuma ba yau aka fara ba, ku yara ne lokacin. A 2004 Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda Tinubu ya ƙirƙiro sababbi 37. Antoni janar na Legas a lokacin Osinbajo ne, ya tafi kotun ƙoli. A Disambar 2004 kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin. Kun san yaushe aka gama sakin kuɗin? Sai da marigayi 'Yar'aduwa ya hau a 2007. Ni abin da nake dubawa a wannan harka ba wai wa ya ci shari'a ba ne. Wa zai sa mai bindiga da baitulmali ya bi hukuncin?

Baƙon Bronx: Baba, nan ma fa yanzu ana wannan fargabar. A 2017 da alƙali James Robart ya dakatar da dokar hana 'yan ƙasashe bakwai shiga Amurka, har da Sudan, Trump ya zage shi a Twitter, ya kira shi alƙalin jeka-na-yi-ka. Amma washegari aka koma barin mutane suna hawa jirgi. Zagi daban, ƙin bi daban. Sai dai kada ku ɗauka jihohin sun ci riba a ƙarshe. Gwamnati ta sake rubuta dokar sau biyu, a ta ukun ma aka sa Chadi a Satumbar 2017 kafin a cire ta a Afrilun 2018. Hawai ta bi shari'ar har kotun ƙoli, a Yunin 2018 ta sha ƙasa, 5 kan 4. Da wannan hukuncin aka samu kafar ƙara Najeriya a farkon 2020, aka toshe mana bizar ƙaura. Ina da wanda takardun matarsa suka maƙale sai da Biden ya zo ya soke.

Ɗan Adawa: To ka gani. Shekara ɗaya da rabi ana kashe kuɗin talakawan jiha a kan lauyoyi, ƙarshe a tashi a tutar babu.

Baƙon Bronx: Ba tutar babu ba ce. Dokar farko har masu katin zama na dindindin ta rutsa da su a filin jirgi. Wadda ta tsira a kotu ba ta kai ta farkon kaifi ba. An rage mata haƙora.

Malama Ta Zariya: Ina bin ku tun ɗazu. Akwai gefen da ba ku taɓa ba, kuma shi ne ya sa ni ban cika tafa wa wannan al'ada ba. Kuna magana kamar kullum jihohi ne ke ceton talaka daga tarayya. Wani lokaci akasin haka ne. Biden ya ce zai yafe wa ɗalibai bashin karatu, dala 10,000 kowane mutum, masu ƙaramin ƙarfi har 20,000. Jihohi shida na 'yan Rifablikan suka kai ƙara, suka samu ƙofa ta wata hukumar karɓar bashi ta jihar Missouri da aka ce za ta yi asarar kuɗin shiga. Ranar 30 ga Yuni 2023 kotun ƙoli ta rushe shirin, 6 kan 3. Miliyoyin mutane da suka riga suka cike takarda suka koma ƙarƙashin bashinsu. Shirin Obama na kare iyayen yara 'yan ƙasa daga kora ma haka Teksas da jihohi 25 suka kashe shi. Wuƙar ɗaya ce, wanda ya riƙe ta ne ke canzawa. Wanda ya yi murna a Janairun 2025 ya tuna akwai wanda ya yi kuka a Yunin 2023.

Lauyan Unguwa: Gaskiya ne Malama, sai dai a shari'ar bashin abin da kotu ta ce shi ne irin wannan kuɗi, wajen dala biliyan 400, majalisa ce ke da ikon yafe shi, ba shugaba da alƙalaminsa ba. Kuma asalin cutar ke nan. Majalisarsu ta rabu biyu, doka ba ta wucewa, sai kowane shugaba ya koma mulki da umarni. Umarni kuwa ba shi da saiwa, alƙali ɗaya na iya tuge shi. Kotun ƙoli ma ta gaji da abin, ranar 27 ga Yuni 2025, a cikin wannan shari'ar ta jarirai, ta ce alƙalin ƙaramar kotu ya daina ba da umarnin da ya game ƙasa baki ɗaya, ya tsaya a kan waɗanda suka zo gabansa. A ranar ba ta ce komai kan ko umarnin Trump halal ne ba. Abin mamaki, wannan hukunci ƙara wa jihohi daraja ya yi, don jiha na iya cewa ba za a share mata hawaye ba sai an tsayar da abin ko'ina, tunda jariri da aka haifa a wata jiha gobe yana iya ƙaura zuwa tata.

Ɗan Maraɗi: Mu dai a nan kallo muke. Gwamnan jaha daga Yamai ake turo shi, wa zai kai wanda ya naɗa shi ƙara?

Abban Nana: Hahaha, Ɗan Maraɗi kun huta da kuɗin lauya. To Barista, ni yanzu tambayata ta canza. Namu antoni janar ɗin, shi ma zai iya yin irin na Kentucky, ya kai gwamnansa kotu?

Lauyan Unguwa: Ya kai wa? Sashe na 195 ya ce antoni janar na jiha shi ne kwamishinan shari'a. Gwamna ya ɗauko shi, gwamna zai sallame shi da sanarwa ta layi biyu. Duk ƙarar da ka ga an rubuta "Antoni Janar na jiha kaza", ka karanta sunan gwamna a wurin. Shi ya sa namu ke da zafi a kan abin da ya shafi asusu da iko: harajin VAT da Ribas ta tayar a 2021, rabon arzikin mai, da ƙarar da Kogi ta jagoranta cewa dokar da ta kafa EFCC ba ta inganta ba, a daidai lokacin da hukumar ke neman tsohon gwamnan jihar. Kotun ƙoli ta yi watsi da ita a Nuwamban 2024.

Baba Mai Ritaya: Ku ƙara da wannan, don duniya juyi-juyi ce. Tinubun da ya kai tarayya ƙara a 2004 kan kuɗin ƙananan hukumomi, shi ne a 2024 antoni janar ɗinsa Fagbemi ya kai jihohi 36 ƙara kan kuɗin ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yuli kotu ta ce a riƙa tura wa 774 ɗin kuɗinsu kai tsaye. Duka antoni janar na jihohi suka tsaya suna kare gwamnoninsu. Ko ɗaya ban ji ya ce shi yana bayan ciyaman ba.

Malama Ta Zariya: To a raba muƙamin mana. Kwamishina ya zauna a majalisar gwamna, antoni janar ya zama mai cin gashin kansa. An daɗe ana kawo wannan shawara a gyaran tsarin mulki.

Ɗan Adawa: A zaɓe shi kamar na Amurka? Malama, wa zai saya masa fom? Wa zai ba shi tikiti? Gwamnan da ke riƙe da jam'iyya a jiha shi zai sake ɗauko yaronsa, sai dai a ƙara mana fosta a bango da wata ranar layi.

Malama Ta Zariya: Ban ce lallai zaɓe ba. A ba shi wa'adi tsayayye wanda gwamna ba zai iya yankewa ba, albashinsa ya fito daga asusun da gwamna ba ya sa hannu.

Ɗan Adawa: Hukumomin zaɓe na jihohi ma ai "masu zaman kansu" aka rubuta a sunansu.

Maman Ilham: Ku dai kuna ta gardama. Ni tambaya ɗaya gare ni Barista. In gobe aka sake fito da wani abu irin na canjin kuɗi, kuma gwamnanmu yana ɗasawa da Abuja, ba zaɓe a kusa, ni wa zai tsaya min?

Lauyan Unguwa: Ke da kanki kina iya zuwa babbar kotun tarayya, Hajiya, ko wata ƙungiya ta je a madadinku. Amma ƙofar kotun ƙoli ta kai tsaye ba taki ba ce, ta gwamnatoci ce. Taki za ta bi layi: babbar kotu, kotun ɗaukaka ƙara, sannan kotun ƙoli.

Maman Ilham: Shekara nawa ke nan?

Lauyan Unguwa: Ilham aji nawa take yanzu?

Maman Ilham: Aji uku a firamare.

Lauyan Unguwa: To ki fara tanadin kuɗin sakandare tukuna.